Gaban 504 ɗin Baba ya ruɓe, a yanko na wata a jona ko a bi shi ɗaya bayan ɗaya?

Sadiq_Tudunwada:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema wajen masu sani. Akwai Peugeot 504 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, salun ce haɗin Kaduna ta 1982. Tun da ya daina tuƙi aka ajiye ta ƙarƙashin darbejiya a gidanmu na Zariya, yau shekara 14 ke nan, bana dai na ce sai na tashe ta. Inji bai ba mu wahala ba, bakanike ya sa batir ya wanke kafireto ta tashi. Gaban ne matsalar. Fendoji noti ne ke riƙe da su, da muka kwance sai muka tarar ƙarfen ciki ya zama kamar rariya, mazaunin batir ya cinye, ƙarƙashin fitila kana danna yatsa yana shigewa, ɓangaren dama kuma fila ce jibge, wato abin da ake shafawa a cike lotsawar jikin mota, ashe wani tsohon haɗari ne aka lulluɓe tun muna yara. Fanabitan da na kira ya ce mafi sauƙi a samo gaban wata 504 a yanko tun daga gindin gilas a jona da waldar kabayid, a wuce wurin. Ni kuma hankalina bai kwanta ba. Don Allah me kuka gani?

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Ni ban san walda ba amma na san darbejiya, ganyenta ne ya taru a lungun fenda ya riƙe ruwan damina 14. Motar da za ta daɗe a ajiye gara rana ta dake ta da ta zauna gindin bishiya.

Oga_Isa_Fanabita:
Ɗana kada ka yarda a yanke gaban nan gaba ɗaya. Sama da shekara 30 ina wannan aiki a Kaduna. 504 salun ba ta da shasi daban irin na Land Rover ko babbar mota, jikin nan da kake gani shi ne shasin, kuma gidan shokabsoba na gaba a jikin ƙarfen ciki yake, duk nauyin gaban a nan yake sauka. In aka yanke ƙafafun shasi biyu a layi ɗaya aka jona, duk ramin da ka faɗa wannan layin ne zai sha duka. Yadda ake yi, a bi inda kamfani ya haɗa. Kamfani ba jan walda ya yi ba, ɗigo-ɗigo ne, kankare fenti a bakin haɗin za ka ga 'yan tabo zagaye kamar an danna da yatsa. Su ake hudawa ɗaya bayan ɗaya da bakin diril na 8, a sa cizal siriri a raba a hankali. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa mutumin naka yake son yanka. Yanka wuni ɗaya ne, wannan kuwa sati.

Dan_Kofar_Ruwa:
Oga Isa da girmanka amma fa gaban mota nawa muka sayar aka jona kuma suna nan suna lodi har yau. Ba kowace ce take rabewa ba. Sai dai ni shawarata a tsakiya take, Sadiq ka sayi gaban gaba ɗaya ɗin, amma ba don a jona shi haka ba, a warware shi a ɗebi abin da ake buƙata. Ya fi araha a kan ka riƙa tsintar gidan fitila yau, mazaunin lagireto gobe. Kuma ka hanzarta don 504 ta fara wuya, 'yan gwangwan sun sare da yawa sun auna a kilo.

Oga_Isa_Fanabita:
Suna lodi har ranar da suka daki wani abu. Ranar ce ake sanin aikin wa ya yi. Amma maganar a sayi gaban a warware, wannan na yarda.

Zee_Kaduna:
Ni dai kallo na zo yi, hhh. 504 ɗin Babanmu fara ce, mu tara take ɗauka zuwa Funtuwa da sallah har da akuya a but. Allah ya ba ka ikon gamawa ka sako mana hoto.

Injiniya_Nura:
Kowa ya tafi kan yanka, an bar maganar kabayid, ni kuma ita ta fi tsaya min. Ƙarfen jikin motocin nan bai fi milimita 0.8 zuwa 1 ba. Harshen wutar gas yana haura digiri 3000 kuma ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba, yana gasa faɗin tafin hannu kafin bakin ƙarfen ya narke, in ya huce sai ya tsuke ya ja na kusa da shi, shi ne za ka ga fenda ta yi tudu da kwari, daga nan sai a ɗauko fila a cike. Filar da ka tarar a dama ina kyautata zaton haka aka yi ta samu. In da hali ka nemi mai injin MIG, wato injin waldar lantarki mai turo siririyar waya da kansa, da waya ta milimita 0.6 da iskar CO2 mai kare waldar. Ramukan da Oga Isa ya ce a huda su ne za a sake cikewa, a matse ƙarfe biyun da kilam a narka ta cikin ramin har ya kama na ƙasa, kusan irin haɗin kamfani ke nan. Inda kuma za a yi faci, baki da baki ake haɗawa, ɗigo a nan, a tsallaka can nesa a yi wani, a bari ya huce har ka iya ɗora hannu, a dawo. Kada a ja layi ko na tsawon yatsa ne. Waldar lantarki ta ilaktarod kuwa kada ma a kawo ta kusa, wannan ta ƙofa da taga ce, huda kawai za ta yi.

Tolye_Maradi:
Salamu alaikum. Mu nan tolye muke ce ma fanabita. Injiniya ka yi bayani mai kyau amma ka ɗora ma gas laifin da ba nata ba. Laifin hannu ne. Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya gafarta mai, da gas yake haɗa tol, wato fallen ƙarfe, baki da baki, da ƙaramin baki da wuta kaɗan, ya yi ɗan tsawon gaɓar yatsa ya aje tocin ya ɗauki guduma da ƙarfen tokare ya buga tun da zafi, ƙarfen da ya tsuke ya koma ya miƙe. In ya gama ka shafa da hannu ba ka gane wurin, mastik, wato fila, kaɗan ƙwarai yake sawa. Waldar gas taushi gare ta, tana bin guduma. Ta MIG tauri gare ta, ka matsa mata da bugu sai ta tsage, sai dai a ci ta da giranda, girandar ma zafi take kawowa. 404 da 504 nawa suka yi ta hanyar Agadas da gyaran gas kafin mu san wani MIG.

Injiniya_Nura:
Malam ban musa ba wlh, irin maigidanka in an same shi a ba shi aikin ido rufe. Tambayar ita ce mutum nawa suka rage masu wannan haƙurin. Wanda ya fara da cewa a yanko gaba a jona a wuce wurin, ba na jin shi ne zai tsaya yana bin gaɓar yatsa da guduma.

Mai_Shayi_07:
Ni fa tambayata ɗaya, kuɗin da za ka zuba a nan ba zai sayi Golf mai lafiya ba? Tsohuwar mota rijiya ce.

Sadiq_Tudunwada:
@Mai_Shayi_07 haka uwargida ma ta ce, har ta fi ka iya faɗa. Amma a motar nan aka kai ni makarantar kwana ranar farko, ba lissafin kasuwa nake yi ba. @Oga_Isa_Fanabita Baba na gode, to ta ina ake farawa? Fanabitan ya ce gobe zai zo da giranda.

Oga_Isa_Fanabita:
Ce masa ya bar giranda a gida ya zo da tef. Kafin a yanke ko ƙusa a auna. Ajiye motar a daɓen siminti mai daidai, ka auna daga kan gidan shok na hagu zuwa ƙarshen ƙafar shasi ta dama, sannan ka juya daga na dama zuwa ta hagu, a wuri iri ɗaya, ramin noti ya fi. In biyun sun zo ɗaya gaban yana nan a miƙe. Ka auna tsakanin shok da shok, ka auna daga ƙasa zuwa kowace ƙafa, ka rubuta duka a takarda ka ɗau hoto. Sannan ɓangare ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, don wanda ba a taɓa ba shi ne madubinka. In ka cire duka biyun lokaci guda da me za ka gwada? Kuma a ɗana ƙarfe a tsakani ya riƙe gidajen shok kada su buɗe. Abu na ƙarshe, kada a cika walda sai an mayar da fenda da bonet da fitila da ƙofa an ga tazara ta yi daidai ko'ina. A riƙe da kilam da 'yan sukurori tukuna. Na sha ganin an gama walda tsaf an zo rufe bonet ya hau kan fenda.

Alhaji_Tsohon_Direba:
Kai wannan hira ta tuna min da. Ni na ja 504 wagon Kano zuwa Jos shekara 11. Motar ƙasarmu ce, mu muka ƙera abarmu, shi ya sa ta san hanyarmu.

Malam_Tarihi:
Alhaji a yi min afuwa in ɗan gyara. A Faransa aka ƙirƙiro ta, ta fito a 1968, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, kuma kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikin. Abin da aka yi a Kakuri haɗawa ne, masana'antar Kaduna ta fara aiki a 1975, shekarar da 504 ta ci tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ta zama motar gwamnati. Turai sun daina yin salun ɗin a 1983, mu kuwa muka ci gaba har bayan shekarar 2000. Amfanin wannan ga Sadiq shi ne gaban da zai samo ba lallai ya zama na shekarar tasa ba, mota ce da aka yi ta tsawon zamani ana ɗan sauya fitila da giril da bamba, don haka ya gwada kafin ya biya.

Alhaji_Tsohon_Direba:
To Malam na ji. Amma wanda ya raini yaro ai shi ne ubansa.

Dan_Kofar_Ruwa:
Maganar Malam_Tarihi gaskiya ce. Gaban salun da wagon da fikof kusan ɗaya ne amma kusan ba daidai ba ne, ka zo da tsohuwar fendarka da gidan fitila a ɗora a gani. Ka taho da maganaɗisu ma, ko na tsohuwar sifika ne, ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin, duk inda ya ƙi kamawa fila ce. Na fikof ka duba shi sau biyu don sun sha lodi. In ba ka samu a Kano ba ka leƙa kasuwar Panteka ta Kaduna, ta ma fi kusa da kai.

Abdul_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota, in ba a samu ƙarfen ba sai a ƙera, a zana da kwali a yanka sabon falle a lanƙwasa. Mazaunin batir da ƙarƙashin fitila ba sai ka nemi na wata mota ba, mai hannu zai yi maka su. Amma ku na arewa kuna da sa'a, mu damshi ne ke cin motocinmu, shi ya sa abin da zan ƙara shi ne kada a ɗora faci a kan ruɓaɓɓen ƙarfe. A yanke har sai an kai inda yake fari tas mai kauri. In aka ɗora wani kan wani ruwa yana shiga tsakani, damina biyu fenti ya fara ƙuraje.

Garba_Rigasa:
Abdul ka taɓo min ciwo. Wani fanabita da ba zan kira sunansa ba haka ya yi min a Beetle ɗina, ashe da jikin tsohon firij ya yi facin, ya ɗora a kan tsatsar ya shafe da fila ya fesa fenti, mota ta fito kamar amarya na biya har da tukwici. Ko shekara ba a yi ba wajen ya kumbura, na sa makulli na danna sai ga farin fentin firij yana kallona. Tun daga nan in ana min aiki kujera nake ɗauka in zauna. Sadiq kada ka yarda a sa fila ko firaima sai ka ga ƙarfen tsirara da idonka, ciki da waje.

Nurse_Hauwa:
Ku yi haƙuri in shigo ta ɓangarena. Tunda ana maganar faci, in fallen mai rufin zinki ne irin na kwanon rufi, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki da daddare kamar mura ta kama mutum. Madarar da masu walda suke sha ba ta hana shi. A kankare zinkin a bakin da za a yi waldar, a yi aikin a fili inda iska ke wucewa. Kuma don Allah tabarau, masu zuwa da ɓarɓashin giranda a ido sun ishe mu.

Injiniya_Nura:
Anti Hauwa ta yi gaskiya. In ƙara, a cire batir gaba ɗaya a zare wayar altaneta, a janye wayarin da tiyon mai da na burki daga inda wuta za ta bi, a leƙa cikin mota a ɗaga kafet in aikin ya kusanci bangon inji. Bokitin ruwa da yashi su zauna kusa. Sai dai fa iska da MIG ba sa shiri, in hunturu na kaɗawa tana kwashe CO2 ɗin waldar ta fito da ƙofofi kamar soso, sai an kare da katako ko buhu.

Tolye_Maradi:
Ka gani ko Injiniya, ga iska, ga neman wuta, ga neman mai cika tukunyar CO2. Mu dutsen kabayid da ruwa da oksijin, ko a daji sai mu yi aiki. Amma abu guda zan yarda da kai, in mai gas ɗin ya ɗauko jan ƙarfe mai ruwan zinariya zai liƙa gidan shok da shi, a hana shi. Wannan liƙi ne ba haɗi ba, bai narka tol ɗin ba, kuma garin da ake sa mai in ba a wanke ba yana tayar da fenti daga baya.

Baban_Ummi:
Wani abu da ba wanda ya ambata, lambar shasi. Ka duba inda aka buga ta, in tana jikin ƙarfen da za a cire to ka tsaya ka yi tunani, kada ka wayi gari motar Baba tana ɗauke da lambar wata mota takardu kuma suna faɗin daban. Wannan ma wani dalili ne na ƙin jona gaban wata.

Sadiq_Tudunwada:
Na dawo da rahoto. Lamba tana nan lafiya, inda take bai ruɓe ba, na gode Baban_Ummi. Mun auna kamar yadda Baba Isa ya ce, gicciyen biyu sun bambanta da milimita 12, ƙafar dama ta ɗan shige ciki, wato tun haɗarin nan ba a miƙe ta ba aka rufe. Yanzu na gane dalilin da ya sa Baba kullum yake canza tayar gaba ta dama yana zagin masu alaimen. Fanabitan da ya ga ina rubuta lambobi a takarda ya ce shi ba ya aiki da ɗan boko a kansa, ya tafi. To yanzu a fara cire ruɓaɓɓen ko a fara ja?

Oga_Isa_Fanabita:
Ya taimake ka da ya tafi. A fara ja, tun tsohon ƙarfen yana jiki, don yadda suka lanƙwashe tare haka za su dawo tare. In ka cire na cikin tukuna ƙafar za ta zo ita kaɗai ta bar sauran a karkace. A ɗaure motar, a sa sarƙa da jak a ja kaɗan-kaɗan ana bugun inda ya tattare ana aunawa. Kada a gasa ƙafar har ta yi ja don ta yi saurin biyowa.

Injiniya_Nura:
A nan ni da Oga muna tare, sai dai in ƙarfen cikin ya ruɓe kamar yadda Sadiq ya ce, rariya, ina tsoron ja zai yage shi kafin ƙafar ta motsa. Sai an duba inda za a kama. Kuma kada a manta bayan haɗin, firaima mai zinki irin ta walda a tsakanin ƙarfe biyun kafin walda, in an gama a sa sila mai toshe ruwa a bakin haɗi, sannan a fesa kakin hana tsatsa cikin ƙafafun. Waldar da aka bari tsirara ta ciki ita ce ke fara tsatsa.

Alhaji_Tsohon_Direba:
Mu baƙin mai muke ɗurawa a ciki, kuma ba ta taɓa ruɓewa ba.

Garba_Rigasa:
Alhaji baƙin mai ai sai bayan fenti, in ya taɓa ƙarfe kafin nan fenti ba zai zauna ba har abada.

Dan_Kofar_Ruwa:
Sadiq an kawo wani gaba jiya, na wagon ne, hagun tas yake amma daman an taɓa shi. Tunda naka ma daman ne mai matsala ban sani ba ko zai yi maka. In za ka zo ka zo da tef ɗin naka da takardar.

Sadiq_Tudunwada:
Zan shigo Asabar in sha Allah. Har yanzu dai ban yanke tsakanin gas da MIG ba, mai MIG ɗin da na samu a Kaduna yake kuma ya ce sai dai a kai masa motar, ga ta ba fenda ba fitila. Akwai wani dattijo a nan Zariya da aka ce yana irin aikin da Malam na Maradi ya kwatanta, na ce zan kai masa tsohuwar fendar ya yi faci ɗaya in gani tukuna. @Tolye_Maradi in na je me zan duba a facin?

Tolye_Maradi:
Juya bayanta ka gani ko waldar ta ratsa. Sannan ka rufe ido ka shafa da tafin hannu, ba da yatsa ba.